Ɗanki ya tsallake, Ƙawalliya

Columbus, Amurka

Assalamu alaikum Ƙawalliya,

Ina gajiya, ya yara, ya Malam da jiki? A gaida min Hajiya Babba da kyau. Kin tambaye ni wane launi nake so a ankon bikin Auta, zan gaya miki, amma bari in fara da albishir. Sakamakon ɗanki ya fito jiya, ya cinye kwasa-kwasansa duka huɗu, gwamnati ba za ta yanke masa tallafi ba. Alhamdulillahi. Ban gaya miki halin da muke ciki tun bara ba, don na san ki da ɗaukar damuwa, sai ki hana kanki barci a kan abin da ke bayan teku.

Kin san a nan ana cike wata takarda, FAFSA, duk shekara. Idan abin hannun iyaye bai taka kara ya karya ba, gwamnatin tarayya tana ba ɗalibi kyautar kuɗin karatu da suke kira Pell, wadda ba a biya baya. Mafi yawan abin da ake bayarwa a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 dala 7,395 ne. Da shi yaron nan yake biyan makaranta da littattafai. To amma kuɗin yana da sharuɗɗa, kuma makarantarsu tana dubawa ƙarshen kowane samista. Dole GPA ɗinka, wato matsakaicin makin duk kwasa-kwasanka, ya kai 2.0 cikin 4. Dole ka gama karatun kafin ka zarce tsawonsa da rabi, wato shi da yake shirin kiredit 60 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kowane kwas), ba za su biya masa fiye da 90 ba. Sai wanda ya kusa kayar da mu: dole ka ci kashi 67 cikin 100 na duk kiredit ɗin da ka taɓa yi wa rajista.

Lokacin da ciwon bayan Abbansu ya tashi, yaron nan ya kama aikin dare a wani sito, yana dakon kwali har asuba, ya wuce aji ido jajir. Da ya ga kwas biyu za su kayar da shi, sai abokansa suka ce ya janye, ai janyewa ba ta taɓa GPA. Gaskiya suka faɗa, amma rabinta. A lissafin tallafi, kwas ɗin da ka janye daga shi bayan wa'adin farkon samista ana ƙirga shi cikin waɗanda ka ɗauka ba ka ci ba, daidai da wanda ka faɗi. Dama ya faɗi lissafi a samistan farko. Aka tara, kiredit 24 ya ɗauka, 15 ya ci, bai kai kashi 63 ba. Sai ga wasiƙar gargaɗi: samista ɗaya za a ƙara biya masa, in bai gyara ba an rufe.

Wallahi Ƙawalliya abin ya yi min ciwo, don yaron nan ba wasa ya yi ba, gida ya rufa wa asiri. Kuma har yanzu ina ganin da an zaunar da yara an nuna musu wannan lissafi ranar farko, da yawa ba za su shiga wannan hali ba. 'Ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne suke haɗa aiki da karatu, su ne kuma sharaɗin ya fi kamawa.

Af, wai da gaske ne 'yar wajen Yaya ta fasa auren? Maman 'yan biyu ce ta gaya min a waya, kin kuwa san ta da ƙarin gishiri. Ke kuma kin yi gum, ke da ko kaza ta yi ƙwai a unguwa sai kin aiko min da murya ta minti goma. Kilishin da kika ce za ki ba Alhaji ya taho da shi, don Allah kar ki soma, ba sa barin nama ya shigo, a filin jirgi za su ƙwace. Kuka da kuɓewa busasshiya dai, su ma ya nuna musu in an tambaya.

To, na raka ɗanki ofishin tallafi. Matar da muka samu ta yi mana kirki. Ta ce ko an yanke ana iya ɗaukaka ƙara idan akwai dalili irin rashin lafiya ko rasuwa a gida, a kawo takardun asibiti, a rubuta abin da ya faru da abin da ya canja, sannan a ɗora ɗalibi a kan tsarin karatu da zai bi. Ta kuma ja masa kunne kada ya bar makaranta gaba ɗaya a tsakiyar samista, don wanda ya tafi kafin a ci kashi 60 na samistan ana iya neman wani ɓangare na kuɗin a hannunsa. Muka dawo gida, Abbansu ya ce yaron ya rage aiki zuwa Asabar da Lahadi, mu za mu san yadda za mu yi da haya. Na ƙara ɗinki, ga kitso a ƙarshen mako. Ya sake ɗaukar lissafin nan, kullum yana wajen masu koyarwa kyauta na makaranta har magariba. Yanzu kiredit 27 cikin 36 ke gare shi, kashi 75.

Ya labarin naki ɗan na Bayero, ya cike takardar neman bashin karatun nan na gwamnati, NELFUND, kuwa? Ki tambaye shi sharuɗɗan da kanki, ya karanta miki su ɗaya bayan ɗaya.

Gobe Juma'a zan yi waina a kai masallaci sadaka. Ke ma ki sayi ƙosai ki raba wa almajiran Malam a madadina, zan turo kuɗin tare da na Hajiya. Ki ce mata maganin gwiwar yana nan, sai mai tahowa.

Taki har kullum,
Maman yara