Sanarwa ga Matan Rukuninmu na Barikin Rukuba

Assalamu alaikum ƴan uwa. Magana ce kan mazajenmu na runduna ta musamman, waɗanda suke horo a Buni Yadi da waɗanda ke filin daga ƙarƙashin Operation Hadin Kai, wato yaƙi da ƴan ta'adda a Arewa maso Gabas.

Don Allah a daina saka hotonsu da kaki a Facebook, ko faɗin inda aka tura su. Abin da kika rubuta don kewa, wani yana karantawa da mugun nufi. Jita-jitar hari kuma kar a turo ta nan. Akwai amare a cikinmu, akwai masu juna biyu, saƙo ɗaya ya isa ya hana mace barci. Idan wayar mijinki ta yi makonni a kashe, sau da yawa rashin sabis ne a daji.

Maigida kuma in ya dawo hutu, a bar shi ya huta kafin a tare shi da kuɗin makaranta da rigimar dangi. Wani yakan dawo shiru-shiru, ƙarar ƙofa ma ta firgita shi. Ba ƙiyayya ba ce. In abin ya daɗe, a lallaɓa shi ya ga likita.

Ranar Asabar bayan la'asar za mu haɗu a gidan Magajiya, a zo da yara.