Kalar zane ta wanka da shirun yaro a cikin baho

Assalamu alaikum Malam Edita. Ina roƙon ɗan fili a jaridar nan tamu mai farin jini in yi magana da 'yan uwana iyaye kan wani ƙaramin abu da ya shigo gidana wata takwas da suka wuce. Ya raba ni da rigima guda, ya kuma kusa jawo mini wadda ta fi ta. Ina nufin kalar zane ta wanka, irin wadda ake yi wa yara don su yi zane a jikin baho da tayil ɗin banɗaki, in an gama a sa soso a wanke.

Autana, lokacin yana da shekara biyu da wata huɗu, ba abin da ya tsana a duniya kamar wanka. Da ya ji ƙarar ruwa sai ya ruga bayan kujera. Kullum sai an yi kokawa, a fito shi jiƙe ni jiƙe. Shi ne kuma ya cika mana bangon falo da zane da biron yayarsa. Ƙanwata ce ta kawo kalar, guda shida a kwali, ta ce, "Yaya, ga magani ɗaya na ciwo biyu." Na yi mata dariya. Ranar farko ya ja jan layi a jikin baho, ya waigo yana jiran tsawa, bai ji ba. Tun daga ranar shi ke jan zanina zuwa banɗaki.

Iri biyu na gani. Akwai wadda sabulu ce aka zuba wa launi aka daskarar, tana ɗan kumfa, kuma ba ta daɗewa take narkewa. Akwai wadda aka haɗa da kaki, na zuma ko na waken suya, ta fi ƙarko, launinta ya fi fitowa, amma ta fi wuyar gogewa. Ita kuwa kalar makaranta da muka sani, irin wadda aka fara sayarwa da sunan Crayola a Amurka tun 1903, da kakin farafin ake yin ta, ruwa kaɗai ba ya fitar da ita. Kada a miƙa wa yaro ita a banɗaki a ce ai duk kala ce.

Na koyar a ajin nazare shekara tara kafin in zauna gida, don haka ba na raina zanen shirme. Yaro kan fara kacaccala takarda yana da shekara ɗaya da 'yan watanni, ya damƙe kala da duk tafin hannunsa kamar mai riƙe da sanda. Wajen shekara biyu yakan kwaikwayi layi in ka ja masa, wajen shekara uku ya kwafi da'ira, wajen huɗu ya haɗa layi biyu su gitta juna. Zane a bango kuwa yana sa shi ya ɗaga kafaɗa ya lanƙwasa wuyan hannu, aikin da zai amfane shi ranar da aka ba shi fensir. A baho muka koyi sunayen launuka. A nan ya gano da kansa cewa in ya murza shuɗi a kan ruwan ɗorawa kore ke fitowa, ya yi ta ihu kamar ya tsinci kuɗi.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kalar nan tana sa yaro shiru, kuma shirun yana yaudarar uwa. A da, lokacin da yake kuka yana fizge-fizge, ko taku ɗaya ban taɓa matsawa daga gefensa ba, don hannuna biyu na kansa. Da ya zama mai zama lafiya lau yana zane, sai zuciyata ta fara raya mini cewa ai ya girma. Wata yamma wayata ta yi ƙara a ɗaki. Ruwan bai kai masa cibiya ba a zaune. Na ce bari in ɗauko in dawo. Wallahi ban amsa kiran ba ma, ɗaukowa kawai na yi. Da na dawo na same shi a kife, fuskarsa cikin ruwa. Ashe miƙewa ya yi don ya kai zanensa sama, ya taka guntun kalar da ta narke a ƙasan baho, santsi ya kwashe shi. Na fizgo shi, ya yi ta tari yana kuka, Allah ya tsare. Abin da har yau yake hana ni barci shi ne ban ji komai ba daga ɗaki. Ba ihu, ba ƙarar ruwa.

Daga baya likitar yara ta zaunar da ni ta yi mini faɗa, kuma na cancanta. Ƙaramin yaro kansa na da nauyi sosai in aka kwatanta da girman jikinsa, in ya kifa ba lallai ya iya ɗagowa ba, kuma ruwan da bai wuce santimita 5 ba ya isa ya halaka shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta daɗe tana cewa yara 'yan shekara 1 zuwa 4 su ne nutsewa a ruwa ta fi ci. Dokar da likitar ta kafa mini ita ce kada in yi nisan da hannuna ba zai taɓa shi ba. In dole ne in fita, in naɗe shi a tawul in fita da shi. Kuma kada in bar wa yayarsa tsaronsa, don ita ma shekararta shida.

Sauran matsalolin ƙanana ne, amma gara a sani. Yaro zai gatsa, ko ba daɗe ko ba jima. Nawa shuɗiyar ya ciza, ya yi ta tofarwa harshe shuɗi. Rubutun da ke jikin kwali cewa ba ta da guba ba yana nufin abin ci ba ce, kuma guntun da ya karye yana iya shaƙe shi. A Amurka da Turai akwai wani ɗan bututun gwaji mai faɗin milimita 31.7, abin wasan da ya shige cikinsa gaba ɗaya ba a yarda a sayar da shi don yaron da bai kai shekara uku ba. Ni dai da kala ta gajarce sai in jefar. Ina kuma duba kwali kafin in saya: ko akwai alamar da ke nuna an bi ƙa'idar kare lafiya, wato CE da EN 71 ta Turai, ko ASTM D-4236 ta Amurka, da shekarun yaran da aka rubuta an yi ta dominsu. Wadda ba sunan kamfani ba jerin kayan haɗi, ko kyauta aka ba ni ba na so. A 1994 an taɓa janye wasu kalolin yara daga kasuwar Amurka saboda an samu dalma a cikinsu, kuma ido ba ya gane dalma.

Sai tabo. An ce tana fita da ruwa, kuma gaskiya ne a kan tayil mai sheƙi da baho mai sulɓi, in an goge nan take. Amma farin simintin da ke tsakanin tayil yana shan launi kamar tsumma, haka ma tsohon baho da ya kakkarce. Ja da shunayya su suka fi naci. Na taɓa barin zane ya kwana, sai da na kwaɓa bekin soda da ruwa na dirza da tsohon buroshin haƙori, duk da haka akwai layi guda da ya ƙi fita, maigida na kiransa sa hannun ɗan kwangila. Wadda za ta sa bilic, don Allah kada ta haɗa shi da binega ko wani maganin wanke banɗaki, iskar da ke tashi guba ce.

Yayar tasa kuma fatarta ba ta son zama cikin ruwan sabulu, ta fara ƙorafin ƙaiƙayi, musamman a gabanta. Yanzu zanen minti goma ne, sannan in zubar da ruwan in ɗauraye su da sabo. Kalar kuma in tsane ta a ajiye a busasshen wuri can sama, in ba haka ba ta zama kunu, maƙalin robarta ya yi funfuna.

Ban daina ba shi kalar ba, Malam Edita. Na shimfiɗa tabarmar roba mai hana santsi a ƙasan baho, na hana zane a tsaye, waya kuma ko ta fashe don ƙara ba na tashi. Jiya, kwana tara bayan ya cika shekara uku, ya zana da'irarsa ta farko da ta haɗe baki, ya ɗiga mata ɗigo biyu ya ce ni ce. Da shunayya ya yi ta, kuma ta haye kan siminti. Na bar ta ta kwana.

Wassalam.

Daga wata uwar yara biyu, tsohuwar malamar nazare.