Wasiƙar godiya ga studiyon ɗaukar murya na unguwar Bukoki

Assalamu alaikum.

Na rubuta wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in gode wa mai studiyon ɗaukar murya da ke unguwar Bukoki, ta wajen kasuwar Katako a nan Yamai, da yaran da ke aiki a ƙarƙashinsa, saboda yadda suka karɓi mahaifiyata. Ban ambaci sunansa ba don shi da kansa ya roƙe ni kada in yi, amma masu harkar waƙa da talla a yankin sun san ƙofar da nake nufi.

Inna 'yar Tawa ce, kuma ta shafe fiye da shekara 30 tana wasan kwaikwayon rediyo da Hausa, tun zamanin da Muryar Sahel ce kaɗai tashar ƙasa, kafin gidajen rediyo masu zaman kansu su ɓullo a shekarun 1990. Galibi muguwar kishiya ake ba ta ta fito, ko uwar miji mai baki, domin ta iya jan kalmar "to" guda ɗaya har ran mai saurare ya ɓaci. Fuskarta kuwa ba kowa ya sani ba. Ina yaro na sha raka ta cefane, tana buɗe baki sai mai tumatir ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, ba ke ce kika hana marainiyar nan tuwo daren jiya ba?" Daga baya ta koma karanta sanarwa, ta rigakafin ƙyanda da sanƙarau, da ta yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai zawo, kuma ina da yaƙinin akwai magidanta a yau da suka rayu saboda iyayensu mata sun ji wannan murya sun yarda da ita.

Abin da ya rage mata na dukan wannan aiki shi ne kwali ɗaya mai kaset 41, waɗanda ta riƙa naɗa da kanta a gida idan an sa shirin. Zafin Yamai da ƙurar hunturu ba su bar su lafiya ba. Wuri uku na kai su kafin in zo wurinku. A na farko an yi mini dariya, aka ce kaset ya bi zamaninsa. A na biyu an jefa guda cikin rikoda ba tare da an duba shi ba, ta tauna zaren a gabanmu, kuma ko "yi haƙuri" ba mu samu ba, sai dai aka miƙo mana shi kamar hanjin kaza. Na ukun ya fi yi mini ciwo, domin da suka gane ko wace ce sai suka nemi ta karanta musu talla, suka zaunar da tsohuwa a kan benci tun hantsi har la'asar, suka sallame ta da abin da suka kira kuɗin taksi, sannan muka yi wata da watanni muna jin tallar a rediyo. Ranar ta rantse ba za ta ƙara tsayawa gaban makirufo ba. A hanya ta tuna mini da marigayiya Zalika Souley, macen da ta buɗe wa matan Nijar ƙofar silima, wadda ta fito a fim ɗin Oumarou Ganda da ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972, ta sha zagi a titi saboda rawar muguwa da take takawa, ta ƙare da zuwa aikatau ƙasar waje kafin ta dawo gida ta rasu a 2021. Inna ta ce idan haka ta kasance da wadda aka san fuskarta, mai murya kaɗai me za ta jira?

Da wannan zuciya muka shigo wurinku, kuma ba zan ɓoye ba, na zo ne a shirye da faɗa. Sai ga yaron da ke kan na'ura, wanda ba zai wuce shekara 25 ba, ya tashi ya ba ta kujerarsa, ya durƙusa ya gaishe ta. Da ta amsa, sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Inna, ki sake faɗa." Ashe kakarsa ba ta yarda a taɓa rediyo idan ana shirin nan. Bai sa ko kaset ɗaya a na'ura ba sai da ya juya zaren a hankali da biro, ya duba ɗan soson da ke danne zaren, ya manna waɗanda suka faɗi, ya goge kan rikodar da auduga. Ya bayyana mana cewa kaset mai minti 90 minti 90 yake ci kafin ya shiga kwamfuta, babu gajeriyar hanya, don haka kada mu sa rai da kwana biyu. Wanda aka tauna ma ya buɗe shi, ya yanke inda ya lalace, ya haɗa sauran. Abin da ya fi burge ni shi ne ya ƙi goge shuwar kaset ɗin gaba ɗaya, ya ce idan aka matsa wajen tace sauti, muryar takan fito kamar daga cikin gwangwani. Sau biyu aka ɗauke kuran ana tsakiyar aiki, ya koma farko bai yi tsaki ba. Jika guda a kan kowane kaset muka yi da ku, kuma hakan muka biya, da rasit.

Mako uku bayan haka mai studiyon ya zo gida da kansa, ya ce akwai sanarwar gidan sauro ta daƙiƙa 45 da aka fassaro daga Faransanci, yana son Inna ta karanta. Ta ƙi. Ya fito da takarda da aka rubuta kuɗin, da yawan watannin da za a sa sanarwar, da tashoshin da za a kai ta, ya ce in karanta mata kafin ta amsa. A tsawon aikinta ba a taɓa nuna mata irin wannan takarda ba. Da ta shiga ɗakin ta ce fassarar ba Hausa ba ce, kuma ba za ta shiga daƙiƙa 45 ba, ba wanda ya ce mata haka aka aiko. Aka ba ta alƙalami, ta zubar da rabin kalmomin, ta sa waɗanda macen Adar da ta Damagaram za su fahimta gaba ɗaya, ta karanta sau biyu aka gama.

Abin takaici shi ne har mutum ya zauna rubuta wasiƙa don an ba tsohuwa kujera kuma an biya ta haƙƙinta. A wurare da yawa ana ɗaukar murya tamkar abin da ake tsinta a ƙasa: a kira ƙanwar wani ta karanta talla kyauta, da Hausar da ko ita ba ta magana da ita a gida. Tsofaffin 'yan wasa kuwa, sai ranar jana'izarsu ake tuna cewa an taɓa rufe shago da wuri don a saurare su. Kwalayen kaset irin na Inna suna nan a ƙarƙashin gadaje daga Tawa har Maraɗi, zafi yana cin su.

Kaset 38 aka ceto, uku sun riga sun mutu. Inna ta ce in gaya wa yaron nan akwai wasu a Tawa wurin ƙanwarta, za a aiko su a mota bayan Salla.

Ɗanta na biyu,
Yamai.