Jirgin Fito na Dare ko Jirgin Sama? Ga Masu Zuwa Kama Jirgin Shaƙatawa a Holan

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a wannan jarida mu amsa wata tambaya da 'yan uwanmu mazauna Birtaniya suke yawan yi da zarar lokacin zafi na Turai ya gabato. Mutum ya biya kuɗin babban jirgin ruwan shaƙatawa da zai tashi daga Rotterdam ko Amsterdam ya nufi gaɓar Norwe ko tekun Baltik, to ta ina zai bi ya isa Holan? Ya kwana a jirgin fito ya tsallaka Tekun Arewa, ko ya hau jirgin sama?

Akasari mutane farashin tikiti kawai suke kwatantawa. Abin da ya kamata a fara lissafawa shi ne: idan abin hawan da ka zaɓa ya fasa tashi, awa nawa ta rage maka, kuma wace hanya ce ta biyu? Jirgin shaƙatawa ba ya jiran kowa. Yawanci ana fara shigar da fasinjoji wajen tsakar rana, a rufe ƙofa awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin tashi, jirgin kuma ya bar tasha wajen ƙarfe 4 ko 5 na yamma. Dalilin rufewa da wuri shi ne dole a miƙa wa hukuma sunayen fasinjoji, kuma tun bayan hatsarin jirgin shaƙatawa na Costa Concordia a 2012 dokar teku ta wajabta a yi wa kowa atisayen ceton rai kafin a tashi ko da zarar an tashi. Wanda ya makara ba a mayar masa da kuɗi. In kamfani ya amince, zai bi jirgin zuwa tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa, kuma a tafiyar Norwe yini na farko galibi a kan teku ake yinsa, wato sai bayan kwana biyu zai riske su.

Hanyoyin fito na dare daga Ingila zuwa Holan uku ne, kuma ba ɗaya suke ba.

Na Stena Line yana tashi daga Harwich wajen ƙarfe 11 na dare ya isa Hoek van Holland ƙarfe 8 na safe agogon Holan, wanda yake gaban na Ingila da awa ɗaya. Ana zuwa Harwich International a jirgin ƙasa daga tashar Liverpool Street ta Landan, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, kuma tashar jirgin ƙasan a manne take da ta jirgin ruwa. A tafiyar dare tilas ne a kama ɗaki, ba a kwana a kujera. Da an sauka, layin metro mai harafin B yana nan bakin tasha. A sauka a Beurs, a canza zuwa layin D ko E, a sauka a Wilhelminaplein, daga nan tashar jiragen shaƙatawa ta Rotterdam 'yar tafiyar ƙafa ce. Ana biyan kuɗin metro da katin banki, a taɓa wajen shiga a kuma taɓa wajen fita, kowane mutum da katinsa. Wanda ya manta taɓawar fita za a caje shi fiye da kima.

Na P&O yana tashi daga Hull da daddare ya kwana a hanya ya sauka Europoort da safe. Sunan Rotterdam da ke kan tikitin yana ruɗar mutane: Europoort unguwar masana'antu ce mai nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar gari, babu jirgin ƙasan fasinja, don haka marar mota ya sayi kujerar bas ɗin kamfani tun lokacin sayen tikiti. Na DFDS kuwa daga North Shields kusa da Newcastle yake tashi wajen ƙarfe 5 na yamma, ya isa IJmuiden wajen 10 saura kwata na safe, kusan awa 16 a kan ruwa, sai bas ya kai mutane Amsterdam. A duba takardar jirgin shaƙatawan da kyau, domin wasu jiragen da ake cewa na Amsterdam ne a IJmuiden ɗin suke tsayawa, ba a tashar da ke kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta Amsterdam Centraal ba. Waɗannan lokutan sukan ɗan motsa, a tabbatar da su a jadawalin ranar.

Yanzu ga lissafin da ke yaudarar mutane. Wanda ya bi ta Harwich a daren jajibiri zai sauka ƙarfe 8, ya wuce jami'an shige da fice, ya isa bakin jirgin shaƙatawa wajen ƙarfe 10. Idan ƙarfe 3 za a rufe ƙofa, yana da rarar awa biyar, abin sai ya yi kama da wadata. Jinkirin awa ɗaya ko biyu saboda iska ba zai cuce shi ba. Amma idan aka soke tafiyar daren gaba ɗaya, jirgi na gaba sai ƙarfe 9 na safe, kuma ba zai isa ba sai bayan ƙarfe 5 na yamma, lokacin an riga an tafi. Ga shi a Harwich da tsakar dare da manyan akwatuna, sai dai ya koma Landan ya nemi jirgin sama na asuba ko Eurostar (jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin teku) na farko, a farashin ranar, in ma akwai kujera. Na Hull da na Newcastle sau ɗaya suke tashi a rana, to amma na Newcastle yana da wata fa'ida da ba a lura da ita: tunda da yamma yake tashi, in an soke za ka sani da sauran rana, kuma kamfanin jirgin sama na KLM yana tashi daga Newcastle zuwa Schiphol, filin jirgin saman Amsterdam, kai tsaye.

Sokewar ba kasafai take faruwa a watannin Mayu zuwa Agusta ba, jiragen manya ne ƙwarai. Daga Oktoba zuwa Maris ne Tekun Arewa yake nuna halinsa. Hukumar yanayi ta Birtaniya tana fitar da hasashen teku yanki-yanki. Mai bin Harwich ya duba yankin Thames, mai bin Hull ya duba Humber, mai bin Newcastle ya duba Tyne da Dogger da Humber. Da an ga ƙarfin iska ya kai mataki na 8 a ma'aunin hasashen, wato iska mai tsanani, a fara shirin hanya ta biyu. Ba iska kaɗai ba ce kuma: ranar 17 ga Maris 2022 P&O ya sallami ma'aikatan jirgi kusan 800 lokaci guda, jiragensa suka tsaya, masu tikiti suka rasa na yi.

Jirgin sama ƙarfinsa a yawansa yake. Daga Landan zuwa Schiphol awa ɗaya da 'yan mintuna ce a sama, ana tashi sau da yawa a yini daga filaye daban-daban, haka ma daga Manchester da Birmingham. In na safe ya fasa akwai na rana. Daga Schiphol jirgin ƙasa yana kai mutum Amsterdam Centraal cikin kamar minti 20, Rotterdam kuma cikin ƙasa da rabin awa a jirgi mai sauri. Sai dai idan abin ya lalace a sama, gaba ɗaya yake lalacewa. Ranar 28 ga Agusta 2023 na'urar kula da zirga-zirgar jiragen Birtaniya ta samu matsala aka soke jirage fiye da dubu. Ranar 21 ga Maris 2025 aka rufe Heathrow kusan yini guda saboda gobara a tashar lantarki. A irin wannan rana kowa neman kujera yake, yawan jiragen ba ya amfanar kowa. Shi ya sa hawa jirgin sama a safiyar ranar tashi ganganci ne tsantsa, ko da tikitin kyauta ne.

Matsala ta biyu ta jirgin sama ita ce akwati. In ya ɓata a hanya, kai ka tafi teku, shi kuma zai riƙa bin ka tasha-tasha, wani lokaci har a gama tafiyar bai iso ba. Kafin a bar zauren ɗaukar kaya a cika takardar rahoton ɓatan kaya, a ba su sunan jirgin ruwan da jerin tashoshinsa da ranakun, sannan a kai lambar rahoton ga teburin kula da baƙi na cikin jirgi. Magunguna, fasfo, caja da kayan sawa na kwana biyu su kasance a jakar hannu. A jirgin fito wannan damuwar ba ta taso ba, kayanka suna tare da kai, ba a yi maka awon kilo 23 ko ƙa'idar ruwan mililita 100. Ga iyali mai yara da keken jariri da akwatuna huɗu, wannan kaɗai ya isa dalili.

Kada a dogara da diyya. Dokar fasinjojin jirgin sama tana ba da fam 220 ko yuro 250 a gajeriyar tafiya irin wannan idan an makara awa uku ko fiye, kuma laifin na kamfani ne. Ta jiragen ruwa tana ba da zaɓin mayar da kuɗi ko sauya tafiya idan tashi ya yi jinkirin fiye da minti 90, da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti idan isowa ta yi jinkiri sosai, ban da abin da iska ta jawo. Babu ɗayansu da zai biya maka kuɗin jirgin shaƙatawan da ya wuce. Wannan aikin inshora ne, kuma sai wadda ta ambaci tafiyar jirgin shaƙatawa da rasa tashi a rubuce. A karanta sharaɗin, domin wasu ba sa biya sai an nuna an bar isasshen lokaci tsakanin tafiyoyin biyu.

Ra'ayinmu dai shi ne a kwana a garin da jirgin zai tashi, ta ko wace hanya aka zo. Mai kaya kaɗan da ke kusa da filin jirgi ya tashi da safiyar jajibiri, ya bar wa kansa jiragen rana da na yamma a matsayin madogara. Mai iyali da kaya ya hau fito dare biyu kafin ranar, ya sauka a jajibiri. Fito a daren jajibiri kansa ba ma hana shi a tsakiyar lokacin zafi, musamman ga wanda kuɗin otal zai yi wa nauyi, tunda ɗakin jirgin ya maye gurbin otal, amma ya san tun a gida wane jirgin sama ko Eurostar zai nema in an soke, kuma katinsa na da kuɗin. Wajen kwatanta farashi, a haɗa wa jirgin sama kuɗin kowane akwati, kuɗin zuwa filin jirgi da na otal. A haɗa wa fito kuɗin ɗaki, abincin dare da jirgin ƙasa. Mutum huɗu a ɗaki ɗaya mai gado huɗu sau da yawa sun fi samun sauƙi a fito, mutum ɗaya tilo kuwa shi kaɗai zai ɗauki kuɗin ɗaki.

Batun takardu ya fi shafar mu fiye da maƙwabtanmu Turawa. Izinin zama a Birtaniya ba ya shigar da mai fasfon Nijeriya, Nijar ko Gana ƙasar Holan. Sai da bizar Shengen, wato bizar bai ɗaya ta ƙasashen Turai irin su Holan da Norwe. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba, ana buƙatar inshorar lafiya ta akalla yuro 30,000, ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, amsa kan ɗauki kwana 15 amma tana iya kaiwa 45, ga wahalar samun ranar ganawa a lokacin zafi. Ana nema ne a ofishin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, wanda a tafiyar Norwe yana iya zama na Norwe ba na Holan ba. Idan jirgin zai tsaya a Sukotland ko Ayalan ya dawo, lallai bizar ta zama mai shiga sau da yawa, Ayalan kuma tata bizar daban ce. In takardu ba su cika ba tun a Rotterdam za a hana mutum hawa. Tun 12 ga Oktoba 2025 aka fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a iyakokin Shengen, shigar farko tana cin lokaci, a ƙara wannan a lissafin safiyar. Kamfanonin jirgin shaƙatawa da yawa kuma suna son fasfo ya rage wata shida bayan dawowa.

Kilishi da dambun nama da man shanu a bar su a gida. Tun Janairun 2021 an hana shiga Tarayyar Turai daga Birtaniya da nama ko kayan madara, kuma a Hoek van Holland ɗin nan ne aka nuno jami'an kwastam a talabijin suna karɓe burodi mai nama daga hannun direbobi. Mai son abincin halal ya sanar da kamfanin jirgin shaƙatawa makonni kafin tafiya. Dutsen guga da butar dafa ruwa ma ana ƙwace su a ƙofar jirgin saboda gobara, ko da fito ya bari an wuce da su.

Mai jin jiri a ruwa ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a bene na ƙasa, domin gaba da baya da sama su suka fi lilo. Maganin jiri kafin a tashi ake shansa, wani awa biyu kafin, wani rabin awa, kuma yana sa barci, don haka wanda zai tuƙa mota da safe, a hannun dama kuma, ya tambayi mai kantin magani tukuna. A kashe datar waya da zarar an bar gaɓa, saboda wayar takan kama layin tauraron ɗan adam na jirgin, wanda ba ya cikin kowane tsarin kira na Turai kuma tsadarsa ta wuce misali. A saita agogo zuwa na Holan kafin a kwanta. A jirgin Harwich tun wajen ƙarfe 6 da rabi ake tashin mutane ta lasifika, wanda a jikin mai zuwa daga Ingila 5 da rabi ne.

Wassalam.

Daga wasu masu harkar shirya tafiye-tafiye, Birtaniya.