Ku ba mu labarin Mamdani tun daga majalisar jiha

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ni direba ne a nan Riyad, kuma shirinku na safe shi ne abokin hirata kafin in ɗauko 'ya'yan maigida zuwa makaranta. Na ji rahotonku kan Zohran Mamdani, magajin garin New York, kuma ina da ƙorafi. Kun tsaya a kan cewa shi ne Musulmi na farko da ya hau kujerar, haifaffen Kampala ne a 1991, ya kayar da tsohon gwamna Andrew Cuomo a zaɓen 4 ga Nuwamba 2025. Duk gaskiya ne. Amma kun tsallake shekarun da ya yi yana ɗan majalisar dokokin jihar New York, alhali a can ne aka gane ko wane ne shi.

A 2020 aka zaɓe shi ya wakilci unguwar Astoria da ke Queens, ɗaya daga cikin 'yan majalisar wakilai 150 da ke zama a Albany, babban birnin jihar. Kafin nan aikinsa ba da shawara ne ga masu gidajen da banki ke shirin ƙwacewa.

Abin da ya fi taɓa ni, watakila don sana'armu ɗaya da su, shi ne na direbobin tasi. A New York sai ka sayi lasisi na musamman kafin ka ja motar haya mai launin rawaya. Farashinsa ya taɓa haura dala miliyan ɗaya, mutane suka ci bashi suka saya, sai Uber da ire-irensa suka shigo, lasisin ya faɗi warwas, bashin kuma yana nan daram. Har wasu direbobin suka kashe kansu, Allah ya kiyaye. A 2021 Mamdani ya zauna da su a gaban ofishin magajin gari, ya yi yajin cin abinci na kwana 15 tare da su, har aka yi yarjejeniyar da ta rage bashin da yawa daga cikinsu zuwa abin da bai wuce dala 170,000 ba. Ya kuma sa hannu aka gwada bas kyauta a layuka biyar a 2023, ko da yake gwajin shekara guda kawai ya yi.

A dandalinmu na shayi da ke Batha, ranar Juma'a bayan la'asar, wani dattijo ya ce ai an zaɓe shi ne don Allah ya ɗaukaka Musulunci. Na ce, Baba, haka ne, amma masu ƙuri'ar kuɗin haya ne ya ishe su. Alkawarin dakatar da ƙarin haya a gidajen da hukuma ke ƙayyade wa farashi shi ya ja masa jama'a. Mu ma mun san wannan ciwon. Sau biyu mai ɗakinmu ya yi mana ƙari kafin hukuma ta hana ƙarin haya a Riyad na shekara biyar daga Satumba 2025.

Ban ce zai cika duk abin da ya faɗa ba. Bas kyauta da ya yi alkawari ba a hannun magajin gari kaɗai take ba, sai gwamna da majalisar da ya baro sun yarda. Ina roƙon ku bibiyi wannan, ku kuma nemo wani direban tasi daga cikin waɗanda suka yi yajin, mu ji daga bakinsa.

Mai sauraronku,
daga Riyad, Saudiyya