A Sa Ido Kan Allurar Gyaran Fuska

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin 'yan'uwana mata na Zangon Kumasi game da allurar gyaran fuska irin Sculptra, wadda ke sa fata ta ƙara samar da kolajin, sinadarin da ke raguwa idan shekaru suka ja. Amfaninta ba ya bayyana sai bayan watanni, kuma da zarar ta shiga jiki babu maganin da zai narkar da ita. An yi wa ƙanwata a wani shagon kwalliya gabanin biki, yau ga ƙululu biyu a kuncinta, kullum tana rufe su da mayafi. Wannan aikin likita ne, shi ya sa nake roƙon Hukumar Abinci da Magunguna ta Gana da ta leƙa irin waɗannan shaguna.

Taku,
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi