Fuska a kan hauren giwa

Assalamu alaikum Malam Bashir,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da Hajiya. Mu nan Landan sanyi sai addu'a, amma alhamdu lillahi.

Ranar Asabar na shiga gidan tarihi na Victoria and Albert, na tsinci kaina a wani ɗaki mai duhu-duhu da aka jera ƙananan hotunan mutane, zanen hannu, wasu ba su cika tafin hannun yaro ba. Kai ka fara faɗo mini a rai, saboda haƙurinka in ka zauna zayyanar allo. Na kai ido dab da gilashi ina kallon kuncin wata mata. Wallahi ba shafa fenti aka yi ba, ɗigo ne bisa ɗigo, kamar an yi da bakin allura.

A kan hauren giwa aka zana su, an fere shi siriri har haske na ratsawa. Shi haure maiƙo ne da shi, ba ya shan ruwa, don haka sai an kankare shi an cire maiƙon kafin fentin ruwa ya kama. In buroshi ya cika jiƙa, sai ya kwashe aikin jiya. A goshi da karan hanci kuwa kusan ba sa sa komai, hasken hauren ne ke zama fata. Kuma ka san da me ake kwaɓa fentin? Ƙaro, irin wanda muke sa wa tawada!

Da can a kan fatar maraƙi ake yi. Wata mai zane 'yar Venis ta ƙasar Italiya, Rosalba Carriera, ce ta yaɗa aikin haure wajen shekarar 1700, daga murfin battar taba ta faro. Da kyamara ta bayyana a 1839, sana'ar ta fara ja da baya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne bayan hoton. Wasu an kitsa gashin mai hoton an rufe da gilashi, matafiyi ya rataya a wuya ya tafi Indiya ko fagen yaƙi, ya yi shekaru bai dawo ba. Na daɗe a tsaye a wurin, gida kawai nake tunawa. Sai kuma giwayen Yankari suka faɗo mini, 'yan ragowar da ake ta fama a tsare, raina ya sosu. A nan dokar da ta fara aiki a 2022 ta hana cinikin haure, amma ta ƙyale irin waɗannan hotuna in an yi su kafin 1918.

Don Allah ka wanke mini hotonku kai da yara, na takarda, ka bayar a kawo mini. Na waya bai ishe ni ba. Ka gaida Hajiya, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Naka,
Aminu